Dodon Dutse a Kan Majami'a: Birnin Faris a Hoton Charles Meryon

Gabatarwa

A shekara ta 1853, a birnin Faris na ƙasar Faransa, wani mai zane da ake kira Charles Meryon ya buga wani ƙaramin hoto. Tsayinsa kimanin santimita 17 ne, faɗinsa kuwa 13, da baƙar tawada kaɗai aka buga shi. A cikin hoton akwai wani dodo na dutse mai ƙaho da fukafukai. Ya yi tagumi a kan katangar da ke saman babbar majami'ar birnin, ya zaro harshe, yana duban gari daga bisa. Hankaki suna shawagi kewaye da shi. A ƙasa ga rufin gidaje cunkushe da juna, a tsakiyarsu kuma wata doguwar hasumiya ta miƙe ita kaɗai. Sunan hoton da Faransanci Le Stryge, wato wani mugun tsuntsun dare na tatsuniyoyin Turawan dā, wanda suka ce yana shan jinin mutane.

Wanda ya ga hoton nan bai san tarihinsa ba, zai ce dodon tsohon abu ne wanda ya daɗe yana kallon birnin, gidajen kuwa su ne na masu rai, waɗanda za su ci gaba da zama. Amma gaskiyar al'amarin a juye take. Sa'ad da Meryon ya zana shi, dodon sabo ne fil, bai daɗe da fitowa daga hannun masassaƙi ba. Tsofaffin gidajen da ke ƙarƙashinsa kuwa, an riga an fara rushe su. Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bi tarihin wannan hoto, domin mu ga abin da sabon zamani ya adana a Faris, da abin da ya kawar, da kuma waɗanda nauyin aikin ya faɗa a kansu.

Wane ne Charles Meryon?

An haifi Meryon a Faris ran 23 ga Nuwamba, 1821. Ubansa likita ne Baturen Ingila, uwarsa kuwa Bafaransa ce mai rawa a babban gidan wasa na birnin. Iyayen ba su yi aure ba, a hannun uwarsa ya tashi, wannan abu kuwa ya dame shi dukan kwanakin ransa. A 1837 ya shiga makarantar sojan ruwa da ke Brest. Daga 1842 zuwa 1846 yana cikin wani jirgin yaƙi mai suna Le Rhin, wanda ya kai su har ƙasar Niyu Zilan da tsibiran babban tekun Fasifik. A cikin wannan doguwar tafiya ya riƙa zana gaɓar teku da bukkoki da mutanen da ya gani.

Da ya komo gida sai ya bar aikin soja, da niyyar ya zama mai zanen fenti. A nan ne ya gane idonsa ba ya rarrabe wasu launuka. Saboda haka ya koma ga sana'ar da ba ta bukatar launi, sai baƙi da fari. Ya koyi zane a kan farantin jan ƙarfe a wurin wani gwani mai suna Eugène Bléry. Cikin koyonsa ya yi ta kwaikwayon hotunan wani mutumin Holan, Reinier Nooms, wanda ake yi wa laƙabi da Zeeman. Shi ma ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya kuwa zana Faris kimanin shekara 200 kafin zamanin Meryon. Hotunan nan su suka sa masa sha'awar ya zana birnin haihuwarsa. Tsakanin 1850 da 1854 ya yi jerin hotuna 22 a kan Faris, 12 daga cikinsu manya ne, sauran kuwa ƙanana. Le Stryge ɗaya ne daga cikin jerin.

Yadda Ake Yin Irin Wannan Hoto

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake, gama sanin wahalarsa zai taimake mu mu gane nauyin abin da Meryon ya yi. Da fari akan sami farantin jan ƙarfe shimfiɗaɗɗe, a goge shi har ya yi santsi. Sa'an nan a shafe fuskarsa da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro, a turara shi da hayaƙi ya yi baƙi. Mai zane ya ɗauki allura ya yi ta jan layi a kan kakin, duk inda allurar ta bi sai jan ƙarfen ya bayyana. In ya gama, sai a tsoma farantin cikin ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. Ruwan ba ya taɓa inda kaki ya rufe, amma yakan ci inda allura ta buɗe, ya bar 'yan ƙananan kwari. Layin da ya daɗe cikin ruwan shi ya fi zurfi, shi ne kuma zai fi baƙi.

Bayan haka a wanke kakin, a cusa tawada cikin layukan, a share fuskar farantin. A ɗora takarda mai danshi a kai, a bi da su ta cikin injin matsi. Takardar takan tsotso tawadar daga cikin layukan, hoto ya fito. Kamar yadda harufan hatimi suke a juye, haka mai wannan sana'a yake zana kome a juye, dama ta koma hagu, domin ya fito daidai a takarda. Daga faranti ɗaya ana iya buga hotuna da yawa. Mai zanen kuma yana iya komawa ga farantin ya ƙara wani abu ko ya kankare, shi ya sa hoto ɗaya na Meryon yakan kasance da kamanni dabam dabam.

Meryon yakan tsaya a titi da 'yan guntayen takardu, ya zana taga a nan, ya zana bututun hayaƙi a can, sa'an nan ya koma ɗakinsa ya harhaɗa su. Waɗanda suka san shi sun ce daga ƙasa yake fara zana gini ya yi sama, domin in ji shi haka magina suke ginawa. Amma duk da wannan kula, ba ya jin nauyin gyara abin da ido ya gani. A hotonsa na gadar Petit-Pont, na 1850, ya ɗaga hasumiyoyin majami'ar sama fiye da yadda mai tsayawa a bakin kogi zai gan su, domin su fito yadda suke a zuciyar mutanen gari.

Faris Kafin a Rushe Ta

A 1801 mutanen Faris sun kai kimanin 547,000. Kafin 1850 sun haura miliyan ɗaya. Mutanen ƙauye suna ta kwararowa neman aiki, musamman bayan da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta fari daga birnin a 1837. Amma tsakiyar garin tana nan yadda kakanni suka bar ta. Lunguna ƙunci gare su, wasu ko keken doki biyu ba sa iya giftawa. Gidaje masu hawa biyar ko shida sun tare rana. Ƙazamin ruwa yana bin tsakiyar hanya ya gangara Kogin Sen, daga wannan kogi kuma ake ɗebo ruwan sha. Gidaje kaɗan ne ke da famfo, sauran jama'a sai su je famfon unguwa, ko su saya a hannun 'yan garuwa masu hawa bene da bokiti.

A 1832 annobar kwalara ta faɗa wa birnin, ta kashe mutum fiye da 18,000 cikin 'yan watanni, har da firayim minista Casimir Perier. A 1849 ta sake dawowa ta kwashi kimanin wannan adadi. Unguwannin talakawa da ke tsakiyar gari su suka fi shan wuya. Saboda haka kada mu ɗauka tsohuwar Faris wurin jin daɗi ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mazaunan lungunan nan kuwa sun san yawan 'ya'yan da suka binne.

Akwai kuma wani abin da ya dami masu mulki. Lungu mai ƙunci yana da sauƙin tarewa. A 1830 da 1848 mutanen birnin sun tayar wa gwamnati, suka tone duwatsun daɓen titi, suka kifar da kekunan doki, suka yi shinge a hanyoyi, soja suka rasa ta inda za su shiga. A faɗan watan Yuni na 1848 an kashe dubban mutane. Babban bishop na Faris, Denis Affre, ya tafi wurin shingen domin ya yi sulhu, harsashi ya same shi, ya rasu bayan kwana biyu. A ƙarshen wannan shekara aka zaɓi Louis-Napoléon shugaban ƙasa. A Disamba 1851 ya ƙwace mulki duka a hannunsa, a Disamba 1852 kuma ya naɗa kansa sarki da sunan Napoleon na Uku. Ya taɓa zaman gudun hijira a Landan, ya ga manyan tituna da lambunan shaƙatawa, ya ƙudura a ransa sai Faris ta fi ta.

Abubuwa Uku da Ke Cikin Hoton

Yanzu bari mu koma ga hoton, mu dubi abubuwa uku da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Na fari, dodon. Majami'ar da yake zaune a kanta ita ce Notre-Dame, wato Uwargijiyarmu, sunan da Katolika suke kiran Maryamu uwar Yesu da shi. Tana kan wani tsibiri a tsakiyar Kogin Sen, wanda ake kira Cité. An fara gininta a 1163, a zamanin Bishop Maurice de Sully, aka yi kusan shekara 200 ana aiki. A lokacin babban juyin mulkin Faransa, a 1793, an farfasa siffofin sarakunan da ke gabanta, aka hana sujada a cikinta na ɗan lokaci. Ginin ya lalace ƙwarai. A 1831 marubucin nan Victor Hugo ya fitar da wani littafin labari mai sunan majami'ar, littafin ya motsa zukatan jama'a har aka fara kiran a gyara ta. A 1844 aka ba masu tsara gini biyu aikin, Jean-Baptiste Lassus da Eugène Viollet-le-Duc, aikin kuwa bai ƙare ba sai 1864.

Waɗannan mutane biyu ba gyara kaɗai suka yi ba, har da ƙari. Su ne suka tsara dodanni da namomin dutse fiye da 50, aka sassaƙa aka jera su a barandar da ke kewaye da gindin hasumiyoyin. Ba indararo ba ne, ba su zubar da ruwan sama, ado ne kawai, domin ginin ya yi kama da yadda mutanen ƙarni na 19 suke zaton zamanin dā yake. Dodon Meryon ɗaya ne daga cikinsu. Sa'ad da ya hau ya zana shi, shekarun dutsen a wurin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Meryon ya rubuta layi biyu na waƙa a ƙarƙashin hoton a wani bugu, inda ya mai da dodon alamar muguwar sha'awa wadda ba ta ƙoshi, mai neman abincinta a cikin babban birni. Hoton nan ne ya raɗa wa dutsen sunan da ake kiransa da shi har wa yau.

Na biyu, hasumiyar da ke tsakiyar hoton. Sunanta Saint-Jacques, wato Yakubu manzo. An gina ta tsakanin 1509 da 1523, ita ce hasumiyar ƙararrawa ta majami'ar unguwar mahauta. A lokacin juyin mulki aka sayar da majami'ar, aka rushe ta a 1797, hasumiyar kaɗai aka bari. Hukumar birni ta saye ta a 1836. Meryon ya jawo ta kusa ya kuma ƙara mata girma fiye da yadda ake hangenta daga Notre-Dame, har ta zama kamar ita da dodon suna fuskantar juna.

Na uku, gidajen da ke kewaye da hasumiyar. Waɗannan su ne unguwar mahauta da masu jima da ƙananan 'yan kasuwa, zuriya bayan zuriya. A daidai shekarun da Meryon yake aikinsa, ana jan babban titin Rivoli zuwa gabas, ya ratsa ta wannan unguwa. Aka rushe gidajen, aka sare tudun da suke kai domin titi ya yi daidai, har sai da aka yi wa hasumiyar sabon gindi don kada ta faɗi. Aka gyara ta tsaf, aka dasa itatuwa kewaye da ita, a 1856 aka buɗe wurin ya zama lambun shan iska. Hasumiyar ta tsira, ta ma fi dā kyau. Unguwar da aka gina ta dominta kuwa ta shuɗe.

Sauran hotunan jerin ma haka labarinsu yake. Wani gida mai 'yar hasumiya a titin Tixéranderie, an rushe shi a 1851, Meryon ya buga hotonsa a 1852. Tsohuwar gadar Petit-Pont an sāke ta a 1853. Gidan famfon da ke kan kogi kusa da gadar Notre-Dame, wanda yake ɗaga ruwa domin birnin tun ƙarni na 17, ya zana shi a 1852, aka kawar da shi a 1858. Ɗakin ajiye gawa da ke bakin kogi, inda ake shimfiɗa waɗanda ruwa ya ci domin danginsu su gane su, ya zana shi a 1854, bayan shekara goma aka tashe shi daga wurin. Kamar dai mutumin yana tafe ne 'yan taki kaɗan gaban masu diga.

Aikin Haussmann

A watan Yuni na 1853, shekarar da aka buga Le Stryge, Napoleon na Uku ya naɗa Georges-Eugène Haussmann gwamnan lardin Sen, wanda Faris take cikinsa. Faransawa suna furta sunansa kamar Osman. Ba shi ya fara rushe-rushen ba, gama gwamnonin da suka riga shi, Rambuteau da Berger, sun taɓa kaɗan. Amma shi ne ya yi shekara kusan 17 yana aikin ba sassauci. Doka tana bayansa, domin dokar 1841 ta ba hukuma ikon karɓar gida saboda amfanin jama'a, wata kuma ta 1852 ta ba ta ikon karɓar filayen da ke gefen sabon titi duka.

Ya ratsa birnin da manyan tituna miƙaƙƙu, daga kudu zuwa arewa, daga gabas zuwa yamma, ya haɗa tashoshin jirgin ƙasa da tsakiyar gari. An buɗe babban titin Sébastopol a 1858. Aka kafa ƙa'ida a kan tsayin gidaje da kamannin fuskarsu, shi ya sa titunan Faris suke da kama ɗaya. Victor Baltard ya gina babbar kasuwar abinci da ƙarfe da gilashi. Adolphe Alphand ya shirya lambuna da dazuzzukan shaƙatawa. Injiniya Eugène Belgrand ya jawo ruwan maɓuɓɓuga mai tsabta daga nesa, fiye da kilomita 100, ya kuma gina manyan magudanan ƙazamin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka kai kimanin kilomita 600 a 1878. A 1860 aka haɗiye garuruwan da ke kewaye, gundumomin birnin suka tashi daga 12 zuwa 20, jama'a suka kai kusan 1,700,000. An gina sababbin majami'u ma, kamar Saint-Augustin da La Trinité.

Lalle wannan aiki ya ceci rayuka. Iska da rana sun shiga inda dā ba su shiga, ruwa mai tsabta ya kai gidaje da yawa. Duk wanda zai yi wa Haussmann shari'a, wajibi ne ya sa wannan a ma'auni.

Waɗanda Nauyin Ya Faɗa a Kansu

Amma akwai ɗaya gefen ma'aunin. An rushe gidaje kusan 20,000. Gaskiya ne an gina waɗanda suka fi haka yawa, sai dai ba domin mutanen da aka tasa aka gina su ba. Mai gida ya karɓi diyya, mai kanti wanda yake da takardar haya ya karɓi nasa. Amma ma'aikaci ɗan haya, mai ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya, yawanci sallama kawai aka yi masa. Sababbin gidajen da ke bakin manyan tituna hayarsu ta fi ƙarfinsa. Saboda haka wasu suka cunkushe a lungunan da suka ragu, wasu kuma suka kwashe tarkacensu a amalanke suka nufi bakin gari, wajen gabas da arewa, unguwanni irin su Belleville da La Villette, nesa da wurin aikinsu, inda famfo da magudana ba su kai ba tukuna.

A dā, a tsakiyar Faris, sau da yawa mai hali da marar hali gida ɗaya suke zama. Mai kanti a ƙasa, mai kuɗi a hawa na fari, talaka a can ƙarƙashin rufi, a matakala ɗaya suke gamuwa. Bayan aikin Haussmann rabuwa ta ƙara fitowa fili, masu arziki suka rinjaya a yamma, ma'aikata a gabas.

Babu inda abin ya fi tsanani kamar tsibirin Cité, a gindin majami'ar da dodon yake zaune. A cikin shekarun 1860 aka share yawancin lungunansa. A wurinsu aka gina barikin soja, da kotuna, da sabon ginin asibitin Hôtel-Dieu, aka kuma buɗe babban fili a gaban majami'ar domin a riƙa ganinta daga nesa. Mazaunan tsibirin sun ragu daga kimanin 15,000 zuwa kimanin 5,000. A nan akwai abin tunani ga kowane mai zuwa sujada. Ginin majami'ar bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba, har da sabon tsini mai tsawon mita 96 da aka kafa masa a 1859. Amma maƙwabtanta, waɗanda suke jin ƙararrawarta daga kan gadonsu, aka yi wa 'ya'yansu baftisma a unguwar, an watsa su. Mun kuwa sani ikkilisiya jama'a ce, dutse mazauninta ne kawai.

Kuɗin aikin ya kai faran miliyan 2,500, yawancinsa bashi. A 1868 wani lauya mai suna Jules Ferry ya wallafa rubuce-rubucen da suka tone yadda ake cin bashin a kaikaice ba da yardar majalisa ba. A Janairu 1870 aka sauke Haussmann. A watan Satumba na shekarar sarautar Napoleon na Uku ta faɗi a yaƙi da Jamusawan Furusiya. A 1871 ma'aikatan Faris suka karɓe birnin wata biyu, ƙarfinsu kuwa a unguwannin nan na gabas da arewa yake. Da soja suka shigo a watan Mayu, aka kashe dubban mutane cikin mako ɗaya. Masu tawayen ma sun harbe babban bishop Georges Darboy, aka ƙone babban zauren hukumar birni. Tituna masu faɗi ba su kawo salamar da aka sa zuciya ba.

Ƙarshen Meryon

Meryon bai ga wannan ba. Hotunansa ba su yi kasuwa ba sa'ad da yake da rai, kuɗi ƙalilan yake sayar da su, yana zaman talauci. Victor Hugo ya yaba masa, mawaƙin nan Charles Baudelaire ma ya yaba masa a rubuce a 1859. Har an yi shawara Baudelaire ya rubuta 'yan waƙoƙi a buga tare da hotunan, amma Meryon ya ƙi. Shi bayani yake so na tarihi, a faɗi kowane gini da shekararsa da abin da ya same shi.

Ciwon taɓin hankali ya kama shi, yana ganin maƙiya a ko'ina. A 1858 aka kai shi asibitin Charenton, ya fito a 1859. Ana iya ganin alamar damuwarsa a kan farantansa. A hoton gadar Pont-au-Change, da fari ya sa wani balan-balan mai ɗaukar mutane yana tashi a sararin sama, an rubuta masa kalmar Italiyanci mai ma'anar bege. Daga baya ya kankare shi, ya cika sararin da manyan tsuntsaye masu shawagi a kan birnin. A 1865 ya zana ofishin ministan sojan ruwa, ya sa kifaye da dawakai da wasu halittu suna tasowa ta sama kamar masu kawo hari. A 1866 aka mai da shi Charenton. Ya ƙi cin abinci, ya rasu a can ran 14 ga Fabrairu, 1868, yana da shekara 46. Bayan mutuwarsa ne hotunan suka yi daraja, manyan gidajen adana kayan tarihi na Faris da Landan da Amurka suka tattara su.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za a iya cewa haka Meryon yake, amma hotonsa ya fi kukan bara. Bai ɓoye duhun tsohon birnin ba, ya zana hayaƙinsa da ɗakin gawarsa, ya kuma ɗora dodo a kansa. Abin da ya yi shi ne ya tsaya a daidai lokacin da ake zaɓe, ya nuna mana abin da aka ɗauka da abin da aka zubar. Masu sabunta Faris ba su ƙi tarihi ba. Sun ƙaunaci hasumiya da majami'a, suka kashe musu kuɗi, har suka sassaƙa musu sababbin dodanni domin su ƙara kama da tsofaffi. Abin da ba su ga darajarsa ba shi ne lungun mahauci da ɗakin mai wanki, da zumuncin maƙwabta wanda ba ya fitowa a taswira.

Ran 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta ci rufin Notre-Dame, tsinin da Viollet-le-Duc ya kafa ya faɗi. Dodon bai ƙone ba. Mutane daga ƙasashe da yawa suka ba da gudummawa, aka gyara ginin, aka sake buɗe shi ran 7 ga Disamba, 2024. Wannan abin murna ne. Amma gidajen da ke cikin hoton Meryon, ba wanda ya tara kuɗin mayar da su, ba a kuma san sunayen yawancin mazaunansu ba. A kan 'yar takardar nan kaɗai rufinsu ya ragu.

Gari ba ya zama yadda yake har abada, ba kuwa laifi ba ne a nemi ruwa mai tsabta da hanya mai kyau. Sai dai duk wanda aka danƙa wa gyaran gari, ko gyaran unguwa, ko da ginin majami'a ne, ya kamata kafin a ɗaga diga ya tambayi inda mazaunan wurin za su kwana, ya kuma sa amsar cikin lissafin aikin tun daga fari. Allah ya ba shugabanni hikimar yin haka.